Ƙwayar maganin da na raina bayan dashen hantar Yaya

Fadamar shinkafarmu ta Argungu da shanu shida muka sayar aka yi wa Yaya dashen hanta a Indiya. Cutar hanta ta hefatayitis B yake da ita, ga kansa a hantar. Mun taki sa'a, ƙarin kansar guda ne, santimita 4. Likitoci suna da wani ma'auni da ake kira Milan da suke bi tun 1996 wajen tantance mai kansar da ya dace a yi wa dashe: ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko biyu zuwa uku da kowanne bai haura 3 ba. Ni na so in bayar da ɓangaren tawa hantar, sai gwaji ya nuna ashe ni ma ina ɗauke da hefatayitis B, da alama tun haihuwa muka samo wajen Inna. Babban ɗansa ne ya bayar. Aiki ya yi kyau, muka dawo gida.

Magani biyu ne manya a takardar sallama: takrolimus mai hana jiki ƙin sabuwar hanta, da tenofobir na ƙwayar cutar B, guda kullum. Da kuɗi suka yi wuya bayan damina, sai na zauna na yi lissafina na ɗan kasuwa. Na ce ai hantar da ke da cutar an yanke ta an jefar, to me za a kashe kuma? Na ci gaba da sayen mai tsadar, na bar mai arahar. Mai arahar fa! Ban tambayi kowa ba.

Wata huɗu. Ranar nan da asuba ina zuba masa ruwan alwala na ga farin idonsa ya koma kamar garin ɗorawa, fitsari kuma kamar shayi. Ya ce, "Ƙanena, ko shawara ce ta dawo?" Na kasa haɗa ido da shi.

Da sakamakon gwajin ya isa ga likitan ta WhatsApp, tambaya ɗaya ya yi: yaushe aka daina tenofobir? A nan na ji abin da ya kamata in sani tun farko. Cutar B ba ta ƙarewa da tsohuwar hanta, tana saura a jini da wasu sassan jiki, ga takrolimus ya kwantar da garkuwa, sai ta faɗa wa sabuwar ba mai tare ta. Kafin a samu allurar HBIG mai kariya daga cutar B da ƙwayoyin magani irin tenofobir, yawancin masu B da aka yi wa dashe cutar tana dawo musu, da dama ba sa daɗewa. Masu hefatayitis C ma haka suka sha fama, sai da maganin sofosbubir ya fito a 2013, yanzu sati 12 ake warkar da su. Ta B danne ta ake yi, har ƙarshen rai.

An mayar da shi kan maganin, cikin 'yan watanni lambobin gwajin cutar suka sauka. Amma likitan ya ce dawowar cutar B kan tafi tare da haɗarin dawowar kansar, don haka duk gwajin AFP, na jini mai nuna alamar kansar hanta, da hoton ciki ba na barci sai sakamako ya fito.

Yanzu na wata uku nake saya a tare, na rubuta ranar ƙarewa da gawayi a bangon zaure. Yaya bai taɓa tayar mini da maganar ba, da dare sai dai ya miƙo hannu ya ce, "Kawo 'yar ƙaramar tukuna."