Guntayen takardun Shomolu

Shekara biyu kenan da na baro Damagaram na sauka Agege wajen kawuna, kuma gaskiya watannin farko ban ji daɗin Legas ba sam. Kwandastan danfo na ihun sunan unguwa ban gane me yake cewa ba, kuɗi kuma sai na mayar da naira zuwa sefa a kaina kafin na biya. Ko Hausar ma sai da na gyara baki, in na ce lakwal (makaranta) ko kaye (littafin rubutu) sai yaran gidan su tsaya kallona.

Kawu ne ya kai ni Shomolu wajen wani Bayarabe mai buga takardu. Wanda ya san unguwar ya san abin da nake nufi, layi bayan layi injina ne ke ƙara, katin biki, kalanda, fosta, ga warin tawada har cikin maƙogwaro. Aikina kwashe guntayen da injin yanka ke zubarwa, kuma wallahi ranar farko da na ga tulin nan ja da shuɗi da ruwan ɗorawa za a kai bola sai da raina ya sosu. Na ce oga ko zan iya ɗauka, ya ce kwashi duka.

Da dare sai na shimfiɗa kwali na ɗauko reza da almakashi da gam, ina yanke siffofin da ke jikin bangon tsofaffin gidajen Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, waɗanda nake wucewa kullum ina yaro ban taɓa tsayawa na ƙare musu kallo ba sai da na yi nisa da su. Daga baya wani ɗalibin Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, da ke kawo aiki shagon ya nuna min yadda ake sassaƙa zane a jikin roba, a shafa tawada da rola, a ɗora takarda a goge bayanta da cokali. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne komai a juye yake fitowa, dama ta koma hagu, kuma inda ka sassaƙe nan ne zai fito fari. Ɗalibin ne ma ya ba ni labarin Bruce Onobrakpeya, shahararren mai buga zane, haifaffen 1932, a Zariya ya yi karatu, wurin aikinsa na nan Mushin kusa da mu, kuma wani salon bugunsa ya samo asali ne daga ɓarnar da asid ya yi wa farantin ƙarfen da yake buga zane da shi a 1967.

Labarin nan ya riƙe ni da damina, don danshin Legas ba wasa ba ne. A gida abu kan bushe kafin ka juya, nan kuwa tawada sai ta kwana uku tana maƙo, takarda ta yi laushi, gam ya ƙi kamawa. Wani bugu ya manne da guntayen da na ajiye a kansa, da na ɓanɓare sai ya bar tabo kamar bangon da ruwa ya ci. Yanzu da gangan nake manna yankakkiyar takarda kan tawada tun tana ɗanya.

Makon jiya kawu ya ɗauki guda ɗaya ya daɗe yana dubawa, ya ce yaro wannan ai ƙofar gidan su kakarka ce, kar ka sayar, na rataye a shagona.