Kuskuren da na yi wa sonatar Ethel Smyth

Har yanzu raina yana sosuwa idan na tuna wata ukun da na ɓata ina kaɗa sonatar (wato kiɗa mai kashi-kashi) da Ethel Smyth, 'yar Ingila mai tsara kiɗa, ta tsara wa goge da fiyano a 1887, ina kaɗa ta kamar kiɗan Brahms, shahararren Bajamushe mai tsara kiɗa. Ni ne a kan fiyano, abokiyar karatuna kuma tana riƙe da goge. Iyakar abin da na sani a lokacin shi ne Smyth ta bar Ingila zuwa birnin Leipzig na Jamus a 1877 tana da shekara 19, ta yi karatu a hannun Heinrich von Herzogenberg, aminin Brahms. Da wannan kaɗai na yanke hukunci cewa kiɗanta na farko kwaikwayon ɗaliba ne, har na rubuta haka a takardar da za a raba wa masu sauraro, aka kuma buga ta.

Saboda wannan zato na riƙa danna fiyano da nauyi, ina jan kiɗan, ina danne muryar goge, duk inda ya ƙi zama kuma sai na ɗora wa ƙuruciyarta laifi. Saura mako biyu a yi wasan, abokiyar tawa ta nuna mini da bakin fensir wani ɗan rubutu a saman kashi na uku, wanda idona ya sha tsallakewa. Nuni ne ga baitin Dante, mawaƙin Italiya, inda wata mata mai suna Francesca take cewa babu baƙin cikin da ya fi tuna kwanakin daɗi a cikin wahala. Da na sassauta hannun hagu, na bar wa goge fili, sai kukan da ke cikin kashin ya fito sarai, da murya wadda ta Smyth ce ita kaɗai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, lokacin da aka kaɗa sonatar a zauren kiɗa na Gewandhaus da ke Leipzig a 1887, masu sharhi sun ce ba ta da taushin mata, wato sun auna ta da ma'aunin da suka zo da shi daga gida, ni ma haka na yi. Tun daga ranar nake gaya wa duk mai shirin kaɗa ayyukanta na farko ya fara bin takardar kiɗan layi-layi kafin ya buɗe tarihinta.

Takardar da aka buga ba ta gyaruwa, don haka daren wasan na miƙe a gaban jama'a na janye maganata kafin na zauna a kan fiyano.