Wasiƙa daga Ingila: yadda ake cusa mashaya jini a tsoffin littattafai

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta da makaranta, manya da ƙanana. Ya gida, ya iyali, ya aiki? Gaisuwar ke nan, ku yi haƙuri, domin tambayar da ta sa ni zaman rubutun nan ta yi yawa, gara in amsa sau ɗaya kowa ya huta. Tun da hotunan bangon littattafan nan suka fara yawo a wayoyinku, budurwar zamanin da cikin doguwar riga tana riƙe da fiƙaƙƙen itace yana ɗigar jini, tambayoyin ba su wuce huɗu ba: mene ne wannan, ba sata ba ce, yaya ake yi, kuma ana samu? Zan taɓa kowacce in Allah ya yarda, har da batun bango.

Kasuwar ta buɗe ne a 2009, a wani ƙaramin kamfanin ɗab'i na Filadelfiya ta Amurka mai suna Quirk Books. Editansu Jason Rekulak ne ya kawo dabarar, ya danƙa wa Seth Grahame-Smith aikin: a ɗauko Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito tun 1813, a sako masa matattu masu tashi daga kabari suna cin mutane. Kusan kashi 85 cikin ɗari na abin da aka buga kalmomin Austen ne, ragowar kuma sare-sare. Littafin ya yi ciniki, sai kowa ya rugo. A 2010 aka sami Jane Slayre na Sherri Browning Erwin, inda marainiyar littafin Jane Eyre na Charlotte Brontë ta tashi a hannun dangi mashaya jini, wato dodannin tatsuniyar Turawa masu tsotse jinin mutane, ta koma mai farautarsu. A shekarar dai Grahame-Smith ya mai da shugaban Amurka Abraham Lincoln mafaraucin mashaya jini da gatari.

To, batun sata. Nan ne takardu suke, kuma nan ne na fi son ku tsaya, don mutanen ƙasar nan ba sa wasa da takarda ko da marubucin ya zama ƙasa. A Birtaniya haƙƙin mallakar littafi yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubucin ya mutu. Austen ta mutu a 1817, Charlotte Brontë a 1855, Bram Stoker mai Dracula, shahararren labarin mashayin jini, a 1912, saboda haka rubutunsu ya zama na kowa. Amurka kuma lissafinta daban ne ga tsoffin littattafai: shekara 95 daga shekarar bugawa. Wato littafi ɗaya yana iya halatta a Landan ya haramta a New York, ko akasin haka, kuma mai sayarwa ta intanet yana sayarwa ne a ko'ina lokaci guda. Sai ka duba kowace ƙasa da kanta.

Ga inda ake faɗawa rami. Asalin rubutun ne kaɗai ya kuɓuta. Sabon bugun da ke kanti yana ɗauke da gabatarwar wani farfesa, da bayanan ƙasan shafi, da zanen bango, duk waɗannan da masu su a raye. Fassara ma haka: marubucin Rasha Tolstoy ya mutu a 1910, amma in ka ɗauko fassarar Turancin da aka yi a shekarun nan, da mai fassarar za ka yi shari'a. Haka abin da fim ya ƙara, ko abin da wani mai cusa dodanni ya riga ka ƙirƙira. Kana da damar sa Jane Eyre ta kashe mashaya jini, ba ka da damar ɗaukar yadda Erwin ta tsara nata. Mafi sauƙi shi ne a sauko da tsantsar rubutun daga Project Gutenberg, rumbun intanet mai tara tsoffin littattafai kyauta, a cire duk bayanin lasisi da sunansu daga sama da ƙasa, domin sunan alamar kasuwanci ce. In za ka sa a Amazon, akwai gurbin da za a tambaye ka ko littafin na kowa ne, kuma wanda akasarinsa tsohon rubutu ne kashi 35 cikin ɗari ake ba shi na ciniki, ba 70 ba. In kuma a nan Birtaniya ka buga, doka ta ɗora maka kai kwafi ɗaya babban ɗakin karatu na ƙasa cikin wata guda, wasu ɗakunan karatu biyar kuma suna da ikon neman nasu. Wanda yake ganin wannan tsirfa ce ya tuna fim ɗin Nosferatu na Jamus, 1922, wanda aka ɗauko labarinsa daga Dracula ba da izini ba: an canja sunayen taurari, an canja gari, duk da haka matar Stoker ta kai ƙara, kotu ta ce a lalata kwafe-kwafen. Ƴan kaɗan da suka tsira ne ake kallo yau.

Masu tambaya ko za a iya yi da namu na gida, ku yi lissafin da kanku. Dokar Najeriya ma shekara 70 ce bayan rasuwa. Alhaji Abubakar Imam, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 1981, ke nan Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ba su kuɓuta ba sai an wuce 2051. Kafin nan sai da izinin masu haƙƙi, a rubuce. Yawo da littafi ke yi a WhatsApp ba ya mai da shi na kowa.

Yanzu aikin kansa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka yayyafi ake yi, a bi shafi goma-goma a ɗiga jini. Wanda ya iya, nema yake yi ya ga inda tsohon marubucin ya bar gurbi. A littafin Austen akwai rundunar soja da ta yi sansani a garin Meryton, ba a taɓa nuna wa suke yaƙa ba. Makarancin 1813 ya san yaƙin Napoleon ake yi, na yau bai sani ba, to ga ƙofa a buɗe. Jane Eyre ma ya fi shi ƙofofi. A babi na 20 matar da aka kulle a saman bene ta ciji ɗan uwanta, shi da bakinsa ya ce ta tsotsi jininsa. A babi na 25 Jane ta kwatanta fuskar da ta gani cikin dare da mashayin jinin tatsuniyar Jamus. A makarantar Lowood zazzaɓi ya kwantar da yara 45 cikin 80, ƙawarta Helen kuma tarin fuka ya kashe ta: rama, ɗashewar fata, tarin jini, ainihin alamomin da mutanen wancan ƙarni suka sha jingina wa mashaya jini. Brontë ba daga sama ta ɗauko ba, yayyenta biyu haka suka mutu a 1825 bayan zaman makarantar kwana. Littafin da ba shi da irin wannan gurbi, a ƙyale shi.

In ka sami littafin, kada ka rubuta ko kalma ɗaya sai ka yi jadawali. Jane Eyre babi 38 ne, na Austen 61. Kowane babi layi guda: wane wata ne, dare ne ko rana, su wa ke wurin, wa ya san sirrin, wa ke raye. Gurbin ƙarshen nan shi ke tona asirin masu gaggawa, a fille kan mutum a babi na tara, a manta cewa tsohon rubutun ya ba shi magana a babi na talatin. Sannan duk abin da ka ƙara ka ba shi wani launi a kwamfuta, ka rage girman shafukan ka hango littafin gaba ɗaya. In ka ga shafi ashirin babu launi, makarancin da ya zo don jini ya gudu. In ka ga babi uku jere duk launi, tsohon littafin ya nutse. Ƙarin iri uku ne: canja kalma ɗaya ko biyu cikin jimlar marubucin, tsawaita fitowar da ke nan, da ƙirƙirar sabuwar fitowa. Na farkon ya fi wuya kuma ya fi daɗi, na ukun ya fi sauƙi kuma shi ya fi ɓata littafi.

Gurbin wata da na ce a saka, ba don ado ba ne, kuma a nan zan ɗan koka. Wanda bai yi hunturu a arewacin Ingila ba, ba zai gane dalilin da ya sa mutanen nan suke son labarin duhu ba. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu suke, ka idar da wannan ka tsaya da alwalarka don ta gaba. Sanyin kuma ba irin namu na hunturu ba ne da ke fasa leɓe ya bar ka da rana tsaka. Wannan jiƙaƙƙe ne, yana bin bango ya shiga katifa, tagogi su wayi gari suna zubar da ruwa ta ciki, wanki ya kwana biyu a rataye bai bushe ba. A Haworth, inda gidan su Brontë yake, kana leƙa taga kaburbura kake gani, bayan gidan kuma tuddai ne tsirara da iska ba ta tsayawa. A Whitby, inda Stoker ya sauka a 1890 ya kuma sa jirgin Dracula ya faɗo gaɓa, matakala 199 ake hawa zuwa tsohuwar majami'a, iskar teku na dukan fuska. Amfanin wannan ga marubuci lissafi ne: daren Disamba ya haura awa 16, na Yuni kuwa bai fi bakwai ba. Jane ta fara haɗuwa da Rochester, maigidan da take yi wa aiki, a Janairu da almuru, wannan ya yi wa mashayin jini daidai. Amma neman aurenta a tsakiyar bazara aka yi, lokacin da rana ke kaiwa bayan ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba. In dodonka rana na ƙona shi, rabin babukan bazara ba shi da aikin yi. Mai rubutu daga Kano ko Damagaram, inda dare da rana ba su cika nisa da juna ba, ya nemi jadawalin fitowa da faɗuwar rana na garin labarin ya ajiye gefe.

Wannan ya kawo mu ga dokokin dodon. A rubuta su a shafi guda tun farko, kada su wuce biyar ko shida, kuma kada a karya. A wurin Stoker, Dracula ba ya bayyana a madubi, ba ya shiga gida sai an ce ya shigo, tafarnuwa na korarsa, sai ya kwanta a ƙasar garinsu, shi ya sa ya yo jigilar akwati 50 cike da ita. Yana yawo da rana a Landan, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Ƙonewa da hasken rana fim ɗin 1922 ne ya kawo. Fiƙaƙƙen itace a zuciya, da sare kai, da cusa tafarnuwa a baki, Lucy, budurwar da Dracula ya mai da mashayiyar jini, aka yi wa, shi Dracula da wuƙaƙe aka gama da shi. Zaɓi wanda za ka bi. Dokar sai-an-gayyata ta fi kowacce amfani a waɗannan littattafan, domin rabinsu ziyarce-ziyarce ne da gayyatar cin abinci da rawa, duk uwar da ke neman wa 'yarta miji mai kuɗi ita za ta buɗe ƙofa da hannunta. Gicciye da sauran kayan coci na mutanen labarin ne, a bar musu abinsu a can. Ban ga hikimar musanya su da abin da muke girmamawa don neman dariya ba.

Sai matsalar da ta kayar da yawancin littattafan, wato ƙarfi. Tsoffin labaran nan sun ginu ne a kan rashin ƙarfin mace. 'Yan matan Bennet na littafin Austen su biyar gidan ubansu zai koma hannun wani ɗan uwa namiji, dole su yi aure. Jane albashinta fam 30 ne a shekara, da ta gudu daga gidan Rochester har bara ta yi, ta ci sanyayyen fate da za a zuba wa alade. Ranar da ka miƙa mata makami ta iya fille kai, makaranci zai ce to me take tsoro kuma? Dole ka toshe wannan. Ko dai farautar ta zama sirri da ba a biya, ko ta zama abin kunya da ke kore manema, ko kuma makamin ya kasa magance ainihin damuwarta. Mafi kyawun dabara ita ce dodon ya ba da dalili ga abin da dama ke da ɗaure kai: a littafin 2009, an sa ƙawar Elizabeth Bennet, tauraruwar labarin, ta amince da auren wawan limamin da zai gaji gidansu Elizabeth ne don ta kamu da cutar, ta san kwananta ya ƙare.

Murya kuma aikin tela ne mai sa aljihu a tsohuwar riga, in zaren bai dace ba daga nesa za a gani. Jimlolin 1813 da 1847 dogaye ne, masu ladabi, suna zagaye kafin su sauka. Haka za a ba da labarin sare kai, da kamun kai irin na mai bayyana shan shayi. Dariyar daga nan take fitowa. Da zarar sabon marubuci ya nuna ya san wasa yake yi, ko ya sako gajerun jimlolin fim, an gama. Karanta mahaɗar da ƙarfi, jimla uku na tsoho da uku naka, ka ba wani ya nuna inda aka sauya hannu. In ya gane nan take, koma.

Batun samu, kada in yaudare ku: a nan kasuwar ta cika ta batse cikin shekara biyu zuwa uku, wasa ɗaya ne aka yi ta maimaitawa da littafi daban-daban, kuma fim ɗin da aka yi na littafin farko a 2016 bai mayar da kuɗinsa a sinima ba. Bango kuwa yawanci tsohon zanen fenti ne ake ɗauka a ƙara masa jini, amma hoton zanen da gidan tarihi ya ɗauka yana iya zuwa da nasa sharuɗɗan, a karanta su kafin a kai wa mai zane. Na fina-finai sai wata wasiƙar. A gaida kowa da kowa.