Wa ke riƙe da makullin ɗakin ranar Alhamis?

Alhamis ɗin da ta wuce mun fi minti 40 a tsaye bakin ƙofa, mu 19, harda wani dattijo da jikarsa ta riƙo masa hannu suka hawo bene da ƙyar, saboda ma'aikacin da yake riƙe da makullin ɗakin taro na laburaren da muke zama a cikinsa an canza masa wajen aiki kuma ba wanda ya tuna ya faɗa ma wanda ya gaje shi cewa akwai wasu mutane dake zuwa duk Alhamis ƙarfe 5 na yamma. Shekara 3 kenan muna wannan zaman fa, ba jiya muka fara ba. Wallahi raina ya ɓaci, ba don tsayuwar ba, sai don naga fuskar dattijon nan lokacin da ya jingina da bango yana rungume da wata ambulan a ƙirjinsa yana cewa ba komai ɗana, in ba'a samu ba sai wani satin. Mutumin da ya haura 80 ne yake cewa sai wani satin.

Abinda muke yi a ɗakin ba wani abu bane mai girma a ido. Tsofaffin unguwa suna zuwa su bada labarin yadda garin yake a da, matasa suna ɗauka da waya, daga baya su zauna su mayar da maganar rubutu, masu hannun zane su zana abinda suka ji, akwai kuma wasu yara 5 da suka dage sai sun maida labaran wasan kwaikwayo. Tarihi ne da adabi da zane a haɗe, irin abinda a jami'a ake rarrabawa sashe sashe, mu a ɗaki ɗaya muke yinsa da kujerun roba da firojeta ɗaya ta aro.

Da aka samo makullin daga ƙarshe muka shiga, dattijon ya buɗe ambulan ɗin ya zaro wani hoto baƙi da fari wanda gefensa ya fara cinyewa, ya ajiye kan tebur. Fili ne a hoton, da bishiyoyi 2 da wasu samari a jere sanye da rigunan ƙwallo. Wata yarinya cikin masu ɗaukar murya ta leƙa tace Baba wannan wane gari ne? Ya kalleta yace ƴata, nan ne fa inda kike tsayawa jiran mota kullum da safe, ƙarƙashin gadar nan. Yarinyar tayi shiru ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta matso da wayar kusa da bakinsa tace Baba don Allah fara daga farko, waye wannan na tsakiya? Sai da mukayi kusan awa ɗaya akan hoton nan kaɗai, ashe na tsakiyan ƙaninsa ne, kuma ashe filin ba gwamnati ce ta fara yinsa ba, matasan wancan lokacin ne suka share shi da hannunsu.

To a watan nan dai ofishin kula da al'adu na birnin yayi bikinsa na shekara, kwana 3, da katon dandamali da lasifika da fastoci ko'ina da masu ɗaukar hoto. Naje kuma naji daɗi, bana cikin masu cewa a daina, birni yana buƙatar ranar da kowa zai fito ya cakuɗu da wanda bai sani ba. Amma ranar Litinin an kwance dandamalin an loda a mota, kuma kusan duk kuɗin da aka ware ma wannan fannin na shekarar ya tafi da shi. Na fahimci dalilin sarai tun ranar da na fara cike musu fom ɗin neman tallafi, tambayar da ta fi girma a ciki itace mutum nawa suka halarta. Biki zai baka dubbai ka rubuta a rahoto ka lika hoto. Mu 19 zamu rubuta, kuma babu layin da zaka bayyana cewa 19 ɗin nan su ne dai suke dawowa shekara 3, cewa yarinyar da a farko bata iya ɗaga kai tayi tambaya yanzu ita ke koya ma sababbi yadda ake barin tsoho yayi shirunsa ba tare da an katse shi ba.

Ni dai abinda na gani shine irin wannan aikin ɗaki yake so, da lokaci wanda baya canzawa, da mutum ɗaya da aka san shine mai makulli. Kuma ba mu muka fara gano haka ba.

Akwai wani shiri a Amurka da nake yawan bada misali da shi, sunansa Clemente, wani marubuci Earl Shorris ya fara shi a birnin Niyok a 1995. Yana binciken talauci ne ya shiga wani gidan yarin mata yana tambaya me yasa talaka yake zama talaka, wata daga cikin fursunonin ta nuna masa cewa abinda aka hana yaransu ba sana'a bace kawai, an hana su shiga duniyar da masu hali suke ciki ta gidan tarihi da laccoci da wasan kwaikwayo, inda mutum ke koyon tsayawa yayi tunani kafin ya maida martani. Sai ya tara malamai na gaske, irin waɗanda ke koyarwa a manyan jami'o'i, suka riƙa koyar da manya marasa hali falsafa da adabi da tarihi da tarihin zane da yadda ake rubutu da kafa hujja, da yamma, wata da watanni, kyauta. Abinda ya fi burgeni ba darussan bane ma, shine sun gane cewa kyauta kaɗai bata isa ba, sai suka haɗa da littattafai da kuɗin mota da mai kula da yara lokacin darasi, kuma kwalejin Bard ta amince tana ba waɗanda suka kammala makin karatu da ake lissafawa a jami'a. Ka duba fa, mai kula da yara! Duk wanda ya taɓa shirya zama ya rasa dalilin da yasa iyaye mata basa zuwa, ga amsarsa nan. Mu ma sai da muka ware kusurwa ɗaya da takardu da fensira masu launi sannan mata 4 suka fara zama har ƙarshe.

A birnin Filadelfiya na Amurka kuma akwai shirin zanen bango, wanda daga yaƙi da masu rubuce rubuce a bango ya samo asali. A 1984 hukumar birnin ta ɗauki wata mai zane Jane Golden ta shiga cikin samarin da ake kamawa suna fesa fenti a katangar mutane, maimakon kora sai aka basu burushi da bango na halal. Shirin yana nan har yau, ya samar da zane sama da 4,000 a faɗin birnin. Amma in ka karanta yadda suke aiki zaka ga zanen ne ƙarshen magana, kafin a taɓa fenti sai an zauna da mutanen layin, wani lokacin mitin bayan mitin ana jayayya akan wa za'a zana da me za'a bari, kuma wannan jayayyar ce take sa in an gama mutane su tsare bangon kamar nasu, don nasun ne. Shekara 40 da ɗoriya birni yana riƙe da abu ɗaya, magajin gari ya zo ya tafi ba'a rushe ba, wannan ne sirrin ba kyan fenti ba.

Kada kuma a ɗauka gini nake roƙo. Birnin Medellin na Kolombiya, wanda a da aka fi saninsa da kashe kashe, ya gina manyan laburarori masu fili da ɗakunan koyo a unguwannin talakawa na kan tudu zamanin magajin gari Sergio Fajardo daga 2004 zuwa 2007, duniya ta yaba kuma sun cancanci yabon. Amma wanda yafi kowanne suna a cikinsu, Biblioteca España da aka buɗe a 2007, sai da aka rufe shi a 2015 saboda matsalar gini, ya shafe shekaru a kulle. Ina yawan tunanin yaran da suka saba zuwa can duk yamma. Ranar yanke zare kowa yana nan, ranar da rufi ya fara yoyo ne ake gane ko birni da gaske yake.

Nasan abinda wasu zasu ce, don an sha faɗa min a fuska, wai garin da ruwa bai wadata ba, asibiti na neman magani, titi duk ramuka, shi ne za'a kashe kuɗi a zane da tatsuniya? Bana raina wannan maganar ko kaɗan, mai ita yana da hujja, kuma in aka ce in zaɓa tsakanin magani da firojeta ba sai nayi tunani ba. Sai dai ba haka zaɓin yake zuwa ba a zahiri, abinda ɗakinmu yake ci a shekara bai kai abinda dandamalin kwana 3 ya ci a yini ɗaya ba, kuma mutanen da suka saba zama su saurari juna su ne dai waɗanda suke iya haɗuwa su je ofis akan maganar ruwan. A Birazil wani mai wasan kwaikwayo Augusto Boal ya ƙirƙiro salon da ake nuna matsalar da ta dami mutane a dandali, sai a tsaya a tsakiya a ce duk mai kallon da yake ganin yana da mafita ya hawo ya karɓi matsayin wanda aka zalunta ya gwada. Da aka zaɓe shi kansila a birnin Rio, daga 1993 zuwa 1996, da wannan salon ya riƙa zagaya unguwanni yana tattaro shawarwari, kuma wasunsu sun zama dokar birni. Yaran nan namu 5 basu taɓa jin sunansa ba lokacin da suka shirya ɗan wasansu akan filin ƙwallon da ya koma gada, amma da aka gama wani magidanci ya miƙe yace to yanzu ina yaran unguwar nan suke wasa? Ɗakin yayi tsit, daga nan kuma aka ɓarke da magana har mai gadi yazo yana nuna mana agogo.

Wani abin da ba'a son faɗa shine maganar biyan masu koyarwa. Matar da take koya ma yaranmu zane ƙwararriya ce, da wannan take ci da kanta, amma duk wanda ya gayyace ta sai yace ai taimakon al'umma ne. Ba wanda yake cewa mai gyaran wuta yazo ya taimaki al'umma kyauta duk sati har shekara 3. Mun rasa mutum 2 masu kirki ta haka, ba faɗa akayi ba, gajiya sukayi kawai, kuma ban ga laifinsu ba. Ko kaɗan ne a sa a kasafi, a rubuta, ya fito akan lokaci.

Sannan ajiya. Wannan ne yake hana ni barci wani lokacin, muryoyin da muka ɗauka suna warwatse a wayoyin yara, waya kuma tana faɗuwa tana ɓata ana sace ta. Tsarin hirar tamu daga StoryCorps muka aro shi, waɗanda suka fara a 2003 da ɗan ƙaramin ɗakin ɗaukar murya a tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a Niyok, mutum 2 da suka san juna su zauna minti 40 ɗaya yana tambayar ɗaya, amma su kowace hira ana ajiye kwafinta a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka in masu ita sun yarda. Mu bamu kai nan ba, abinda muke nema shine laburaren da muke zama a cikinsa ya karɓi namu ya bashi lamba kamar kowane littafi, da takardar izinin mai magana a haɗe, don dattawa 2 cikin waɗanda muka ɗauka a shekarar farko sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, kuma iyalan ɗayan sun zo neman muryarsa sai da mukayi sati 2 muna bin wayoyi kafin aka samo.

Shekaranjiya na koma ofishin laburaren, na samu wata baiwar Allah sabuwa a wajen, ta saurareni har ƙarshe bata katse ni ba, ta ɗauko rajista ta rubuta Alhamis ƙarfe 5 zuwa 7 da jan biro har ƙarshen shekara, tasa nayi sa hannu ta bani kwafin makullin, yanzu haka yana cikin jakata. Jikar dattijon ta turo min saƙo tace ta rubuta shafi 11 daga hirar ranar, wai Baba yace akwai wasu hotuna 6 a ƙasan akwati zai zo da su, guda ɗaya ya manne da gilashin firam ɗinsa. In akwai wanda ya iya raba tsohon hoto da gilashi ba tare da ya ɓare ba, don Allah ina nemansa kafin Alhamis.