Fulawar da na kashe a tukunya, a ƙasa kuma ta gagare ni

Ni fa da farko kashe ta na yi, ba wani ɓoye-ɓoye. Reshe ɗaya aka yanko min na fulawar nan mai yaɗo da ake ce wa pothos, mai ganye kamar zuciya, kore da ratsin rawaya. Na tsoma a kwalbar ruwa, wajen sati 2 sai ga saiwa fara tas ta fito daga gaɓa, daidai inda ganye ke tsirowa, daga nan na gane in ka yanko reshe babu gaɓa to wahalar banza ka yi.

Sai na dasa a wata tukunyar roba mai kyan gani wadda ba huji a gindinta, safe da yamma ina ta ɗura mata ruwa wai ni mai kula. Ganye ya fara yin rawaya na ce ai ƙishi ne, na ƙara ruwa! Ranar da na zazzage tukunyar wari ne ya fara tarbata, saiwar ta yi baƙi ta ruɓe gaba ɗaya.

Karo na biyu na huda gindin, na gauraya ƙasar da yashi da ɗan taki, kuma ba na ba ta ruwa sai na cusa yatsa na ji saman ya bushe. Rana tsaka tana ƙona ganyen, lungu mai duhu kuma ratsin ne ke ɓacewa, haske take so amma cikin inuwa.

To inda ta ban mamaki shi ne da na zuba ragowar rassan a gindin bishiya, wurin da ciyawa ta ƙi fitowa sam. Duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta kafa saiwa, kafin in ankara ta rufe wurin ruf, ta kama bishiyar tana hawa, ganyen na sama ya yi faɗin faranti har yana tsagewa kamar ba ita ba. Ashe ba banza ba take addabar dazuzzuka a Hawai da Fulorida na ƙasar Amurka, abar da asalinta ɗan tsibirin Mo'orea ne kawai, can a Tekun Pasifik.

Yanzu duk wata sai na bi ta da almakashi, da safar hannu kuma, don ruwan jikinta na sa ƙaiƙayi, in yaro ko mage suka tauna ganyen baki ke kumbura. Wanda na yanke a buhu nake ƙullewa ya bushe tukuna, don na taɓa watsarwa a bayan katanga ya tsira a can ma.