Kafin ka kai hannu kan soket

Kwamfutoci uku ne a shagona na buga takardu kusa da Kasuwar Wunti, kuma duk Ubuntu, wani nau'in manhajar Linux, na ɗora musu, don sun tsufa, Windows ta yi musu nauyi. Duk yaron da aka kawo min koyon aiki, kafin ya taɓa rubutu sai ya iya kashe na'ura.

Dalili kuwa, Linux ba ta sauke komai a kan faifai nan take. Idan ka adana aiki, a RAM, ma'ajiyar wucin gadi da ke gogewa in wuta ta yanke, take fara riƙe shi, sannan ta kai shi faifai a hankali, wani lokaci har kusan daƙiƙa 30. Ka zare filogi a wannan tsakanin, ɗalibin da ya hawo keke napep tun daga Yelwa da furojet ɗinsa zai koma da babi guda a guntule. Tsarin ext4, wanda Ubuntu ke jera fayiloli da shi a faifai, yana da rajistar da ke hana faifan hargitsewa, amma abin da bai sauka ba, ba shi da inda zai samo maka shi.

Hanyar ba wuya. Ko ka bi ta kusurwar dama ta saman allo, ko ka buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta sudo shutdown -h now. Sake tayarwa kuma sudo reboot. Ni na fi son sudo shutdown +10, wato ta kashe kanta bayan minti goma, idan magariba ta kawo kai firinta na kan aiki. In wani kwastoma ya faɗo, shutdown -c ya soke.

Inda yara ke gaza haƙuri shi ne jira. Systemd, shirin da ke kula da sauran shirye-shirye, yana sanar da kowane shiri ya tattara nasa ya nasa, mai taurin kai kuma ya ba shi har daƙiƙa 90 kafin ya tsige shi. Sai ka ji, "Oga, ta maƙale!" Na ce masa, "Zauna dai, ƙirga take yi."

In ta daskare da gaske, Ctrl+Alt+F3 yakan ba ka baƙin allo ka shiga ka rubuta reboot. In hakan ya ƙi, riƙe Alt da SysRq (maɓallin Print Screen ne a yawancin kibod), ka danna S, ka dakata, U, ka dakata, sannan B. S ke sauke abin da ke RAM, U ya kulle faifai daga rubutu, B ya tayar.

UPS ɗinmu, batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, shi kuma ba na ci gaba da aiki ba ne. Da an ɗauke wuta ya fara kuka, kowa ya adana, ya kashe, sannan a je a tada janareta.