Dakon barewa a kan bishiya: yadda nake zaɓen kujera, da yadda nake hawa in sauko lafiya

A jihar Mishigan ta Amurka ana buɗe farautar barewa da baka ranar 1 ga Oktoba, ta bindiga kuma daga 15 zuwa 30 ga Nuwamba. Yawancin maharban yankin dako suke yi, ba su bin sawu. Barewar can mai farin wutsiya hancinta ne makaminta, idonta kuma ya fi kula da abin da ke motsi a ƙasa, shi ya sa ake ɗaura kujerar ƙarfe a jikin bishiya, mutum ya hau ya zauna shiru har dabba ta biyo hanyarta. Abin da baƙo ba ya tsammani shi ne, a jihohi da dama faɗowa daga wannan kujera ta fi harbin kuskure jikkata mafarauta. Kuma mafi yawan faɗuwar ba a zaune take faruwa ba, tana zuwa ne lokacin hawa, lokacin sauka, da lokacin da ƙafa ke barin tsani za ta taka kujera. Da wannan nake auna duk kujerar da zan saya: a wane lokaci ne za ta tilasta mini in kasance a sama ba tare da igiya ta haɗa ni da bishiya ba? Idan akwai irin wannan lokaci, ko na daƙiƙa biyar ne, sai na nemo masa magani kafin in fita daji.

Kujeru iri uku ne suka cika kasuwa. Akwai mai tsani, wadda kujera da tsani suke haɗe, a jingina su da bishiya a ɗaure. Ita ta fi sauƙin hawa, ita nake ba dattijo ko sabon shiga shawara ya fara da ita. Tana da nauyi, ba a yawo da ita, kuma haɗarinta yana ranar kafawa. Kada mutum ɗaya ya ce zai kafa ta. A samu mutum uku, biyu su riƙe ɗaya ya ɗaure. Kafin kowa ya taka matakin farko sai an sa sandar tokare da ke haɗa tsakiyar tsani da bishiya, an kuma zagaya dogayen igiyoyin nan biyu ta bayan bishiya, sun giciye juna, an ja su tam an ɗaure a gindin tsani. Idan ba a yi haka ba, da mutum ya wuce rabi sai saman kujerar ya rabu da bishiya ya yi baya da shi. A kula da ƙasar wurin ma: idan mai laushi ce, ƙafa ɗaya ta tsani za ta nitse bayan ruwan sama, kujera ta karkace, don haka ana dasa ƙafafun sosai tun farko ko a sa musu katako a ƙasa.

Ta biyu ita ce mai hawa da kanta. Gida biyu ce, wurin zama da wurin taka ƙafa, kowanne da wayar ƙarfe da ke zagaye bishiya da haƙora masu cizon ɓawo. Ka ɗaga na sama, ka dogara a kansa, ka jawo na ƙasa da ƙafafunka, haka har ka kai inda kake so. Tana da daɗin zama, amma tsirfarta da yawa. Sai bishiya miƙaƙƙiya, marar reshe har inda za ka tsaya, mai kaurin da kamfani ya rubuta, galibi daga santimita 20 zuwa 50 a faɗi. Tun da bishiya tana sirancewa yayin da ake yin sama, a gindi nake saita wurin taka ƙafa bakinsa ya ɗan ɗaga, don ya daidaita idan na kai sama. Wanda ya saita shi daidai tun daga ƙasa zai iske shi ya sunkuya, kuma gyara wayar a sama, kana tsaye a kan abin da kake kwancewa, ganganci ne. A sauko a gyara. Akwai 'yar igiya da ke haɗa gida biyun. Mutane suna raina ta, alhali ita ce ke hana wurin taka ƙafa sulalewa ƙasa ya bar ka a rataye a kan wurin zama.

Ta uku, wadda na fi amfani da ita, ita ce ta ratayawa: ƙaramar kujera da ake ɗaurewa da maɗauri, a hau zuwa gare ta da guntayen tsani uku ko huɗu da ake ɗaura wa bishiya ɗaya bayan ɗaya. Tana shiga kusan kowace bishiya, karkatacciya ko mai rassa, rassan ma su ke ɓoye ka. Farashin wannan sauƙi shi ne aikin da za ka yi da hannu biyu kana sama. Akwai kuma wani salo da ya yaɗu a 'yan shekarun nan, inda mutum ke zama cikin wani abu kamar majanyi yana rataye da igiya, ƙafafunsa a kan ɗan ƙaramin mataki. Yana da kyau ga wanda ya iya ƙulli, amma ba zan fara koya wa kowa da shi ba.

Kowace iri ka zaɓa, duba nauyin da aka rubuta a jikinta. Da yawa suna ɗaukar kilo 136, wato fam 300, kuma lissafin ya haɗa da kai, da rigunan sanyi, da takalmi, da jaka, da makami. Duba kuma ko tana ɗauke da shaidar cika ƙa'idar ƙungiyar masu ƙera kujerun, wadda ake kira TMA. Kujerar katako da wani ya buga da ƙusa tsakanin rassa ba na hawanta ko ta wane ne. Bishiya tana motsi da iska, ƙusa tana saki a hankali, katako yana ruɓewa daga ciki inda ido ba ya gani.

Zaɓen bishiya ya fi zaɓen kujera wuya, domin abu biyu ake nema a tare: inda barewa za ta wuce, da itacen da zai riƙe ka. Ina neman mahaɗar hanyoyinsu tsakanin inda suke kwana da inda suke kiwo, ko kusa da farar bishiyar oak mai zubar da 'ya'ya a watan Oktoba, don sun fi son 'ya'yanta da na jar oak saboda ba su kai su ɗaci ba. Ina tsayawa mita 15 zuwa 20 daga hanyar, ta gefen da iska za ta kwashe warina ta yi nesa da su. A wuri mai tudu a tuna cewa da safe, idan rana ta ɗumama ƙasa, iska tana hawa tudu, da yamma kuma tana gangarowa kwari. Kujerar da ta yi daidai da safe tana iya tona maka asiri da la'asar.

Sai lafiyar bishiyar. A Mishigan wannan ba wasa ba ne, domin a 2002 aka gano wani koren ƙwaro mai huda bishiyar ash a kusa da birnin Ditroyit, ya kuwa kashe miliyoyinsu. Matacciyar ash tana tsaye kamar lafiyayya, ga ta miƙe sarai kamar an yi ta don kujera mai hawa da kanta, amma itacenta ya yi gautsi, tana karyewa ba gargaɗi. A ƙarshen kaka yawancin bishiyoyi sun zubar da ganye, ba ka bambance mai rai da matacciya daga nesa. Saboda haka nake zaɓen bishiyoyina tun ganye yana kore, in sa musu alama. Ina duba ɓawo ko yana ɓarewa, ina duba ramukan ƙwari da tsiron naman kaza a gindi, in ɗaga kai in ga ko akwai busasshen reshe a samana ko wata matacciya a kusa da za ta iya faɗowa kaina. Bishiya mai santsin ɓawo, irin su beech da birch, haƙoran kujera ba sa kama ta da kyau, balle in ta jiƙe ko ƙanƙara ta kwanta mata. Mai kaushin ɓawo da ya manne, kamar oak, ita ce abin nema.

Game da tsawo, mita 5 zuwa 6 ya wadatar. Masu hawa mita 9 suna ganin sun fi ɓoyewa, amma kibiya daga can tana sauka a tsaye, ta huda huhu ɗaya maimakon biyu, dabba ta tafi da rauni a yi ta nema. Rassan da ke bayanka su ɓata siffar jikinka sun fi ƙarin mita uku amfani. Kuma ko daga mita 6, mutum yana isa ƙasa cikin abin da bai fi daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba, da gudun kusan kilomita 39 a awa. Babu wanda ke kama reshe a cikin wannan lokaci.

Ɗamarar tsaro dole ta zama mai kama jiki duka: kafaɗu, ƙirji da cinyoyi, da igiya a tsakanin kafaɗu ta baya. Tsohon bel na ƙugu kaɗai an daina shi, domin idan ka faɗi yana iya haurawa ya matse ƙirji ko ya juya ka kai ƙasa. Ina sa ta tun a wurin mota, a ƙarƙashin babbar rigar sanyi, igiyar ta fito ta wuya, madaurin cinya kuma a matse. Amma ɗamarar da ba a maƙala ta da komai ba ado ce kawai, kuma da yawa daga waɗanda suka faɗo suna sanye da ita, sai dai sun bari sai sun zauna tukuna su ɗaura.

Ranar kafa kujerar ratayawa ina amfani da igiyar ƙugu da ke zagaye bishiya ta maƙale a ƙugiyoyi biyu na ɗamara, irin yadda ma'aikatan wutar lantarki suke hawan falwaya. Ita ke ba ni damar sake hannu biyu. Kowane guntun tsani in na ɗaura, sai na taka shi da ƙarfi ya zauna kafin in ɗora masa nauyina duka. Idan na iske reshe, ina ɗaura igiya ta biyu a samansa kafin in kwance ta farko. Guntun ƙarshe kuwa dole matakinsa na sama ya wuce kujera tsawo, yadda zan sauko da ƙafa kan kujerar, in taka tsakiyarta kusa da bishiya. Wanda ya sa kujera sama da tsaninsa sai ya yi ta jan jiki yana kama gefenta, gefe kuwa shi ne inda take juyawa.

Da na gama, sai in ɗaura doguwar igiya daga saman kaina har gindin bishiya, in ɗaure ƙarshenta a ƙasa ta miƙe. A jikinta akwai ƙullin Prusik, wanda ke zamewa idan ka tura shi da hannu, ya cije idan nauyi ya faɗa masa. Daga ranar, kafin ƙafata ta bar ƙasa na maƙala ƙugiyar ɗamara a wannan ƙulli, ina hawa ina tura shi sama da kaina, ba na cirewa sai na dawo ƙasa. A tura shi daga samansa ko ƙasansa, kada a damƙe shi a tafin hannu, don idan ka zame kana riƙe da shi ba zai cije ba. A zaune kuma ina ɗaga shi har igiyar bayana ta kusa miƙewa. Idan ta yi sako-sako, faɗuwar za ta yi tsawo, ka tsinci kanka ƙasa da kujera inda komawa ke da wuya.

Ba a hawa da komai a hannu. Bindiga a cire mata harsashi, a ɗaura ta da igiyar jan kaya bakinta yana kallon ƙasa, a ajiye ta ta ɗaya gefen bishiyar ba inda za ka iya faɗowa ba, sai ka zauna ka ɗaure sannan ka jawo ta. Haka baka da jaka. A kan tsani kullum gaɓa uku suna riƙe, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Da yake ana halatta harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, hawa da sauka duk cikin duhu ake yi, sai da tocilan ta goshi. Sauka ta fi ba ni tsoro: an yi awa huɗu cikin sanyi, yatsu sun ƙage, ƙafa ta yi barci, raɓa ta daskare a kan ƙarfe. Kafin in sauka ina miƙewa in motsa ƙafafu na 'yan mintuna. Bayan harbi ma ba na gaggawa, jiki yana rawa a lokacin, barewar kuma gara a ba ta lokaci ta kwanta.

Idan aka faɗi ɗamara ta riƙe, aiki bai ƙare ba. Madaurin cinya yana matse jijiyoyi, jini ya taru a ƙafafu, mutum yana iya suma yana rataye, wannan kuwa yana kisa. Abu na farko shi ne ka juya ka kama tsani ka koma. Idan bai yiwu ba, akwai madaurin da ke zuwa da ɗamara wanda ake maƙalawa ya zama kamar likkafa, ka taka ka miƙe ka rage wa cinya nauyi; ka riƙa tura bishiya da ƙafafu don jini ya zagaya. Wannan madauri, da waya, da usur, a aljihun ƙirji suke zama, domin jakar da ke rataye a reshe ba ta da amfani ga wanda ke lilo a ƙasanta. Kada ka yanke igiya sai kana riƙe da abin da zai ɗauke ka. Yana da kyau mutum ya gwada ratayuwa da ɗamararsa a gida, dab da ƙasa, da wani a kusa, ya san yadda take kama shi. Kuma kafin fita ina gaya wa wani a gida ainihin bishiyar da zan hau da lokacin da zan dawo, don a dazuzzuka da yawa babu sabis.

A filayen gwamnati na Mishigan an hana matakan da ake murɗawa cikin itace, dole kuma sunan mai kujera ya kasance a jikinta, kuma akwai ranar da za a kwashe ta. Dokokin suna canzawa, a karanta littafin shekarar. Ko a gonar mutum ce ba na barin kujera ta shekara a bishiya. Rana tana cinye maɗauri, kurege yana gaigayarsa, bishiya kuma tana ƙara kauri ta ja shi har ya tsinke. Idan na sauke ta ina bin kowane noti, in duba walda ko ta tsage, in lanƙwasa wayoyin da ke riƙe wurin taka ƙafa, domin tsatsa tana cin su a ƙarƙashin robar da aka lulluɓe su da ita. Robar da ta kumbura ko ta fashe alama ce a canza waya. Maɗauri ina sauya shi da na kamfanin da ya ƙera kujerar. Ɗamara tana da ranar ƙira a jikinta, kamfanoni da yawa suna ba ta shekara 5, kuma wadda ta taɓa tare faɗuwa sau ɗaya an gama da ita, a yanka ta kafin a jefar don kada wani ya tsinta ya sa.